Man Ƙasar Sanyi

Duk abin da Ndatsu ya mallaka a duniya wanda za a kira dukiya, takarda ce guda ɗaya. Bai yi boko ba, ko harafi ɗaya bai sani ba, amma ya haddace abin da ke cikinta, domin James akawu ya karanta masa ita ya fassara ya fi a ƙirga. Baturen da ya fara yi wa aiki a barikin Kontagora, wanda ake ce wa Mai Lofe, shi ya rubuta ta ranar da zai koma ƙasarsu. Ya ce mai ɗauke da wannan takarda gadina ne, wato mai kula da lambu, mai amana, shekara goma sha ɗaya ko allura ba ta ɓata a hannunsa ba, kuma ya san inji.

A wancan zamani, saura 'yan shekaru Turawa su tattara nasu ya nasu, ɗan aikin bariki ba shi da gona ba shi da garke sai irin wannan takarda. Da ita ake ɗaukarka aiki. In babu ita, ko ƙofar gida ba a buɗe maka. Ndatsu ya naɗe tasa a ƙyalle, ya sa a tsohon gwangwanin shayi, ya tura ƙarƙashin gado. Ran Juma'a in ya dawo masallaci sai ya fito da ita, ya ɗora babban yatsansa daidai inda James ya nuna masa an rubuta "mai amana". Yatsan nan kuwa ba ya rabuwa da man inji ko an wanke shi da toka, har wurin ya yi tabo.

Injin da ake magana na yankan ciyawa ne, ɗan ƙarami, kore, ana tura shi da hannu biyu. Ba shi da tukunyar ruwa irin ta mota. Iska kawai yake sha ta wasu haƙarƙarin ƙarfe da ke kewaye da kansa, saboda haka ransa duka yana ga mai. Mai Lofe ne ya koya wa Ndatsu wannan, ya ce a ƙasar zafi mai kauri ake ba shi, lamba arba'in, domin in rana ta buɗe, mai marar kauri tsinkewa yake yi ya koma ruwa, ƙarfe ya shiga cin ƙarfe. Ndatsu bai san lamba ba, amma ya yi wa kansa ma'auni. Yakan ajiye fartanya a rana har ta yi zafin da ba a taɓa ta, ya ɗiga mata mai, ya karkata. In man ya tsaya yana jan jiki kamar zuma, na kirki ne. In ya zube a guje, ba ya kusantar injinsa.

Haka aka yi shekaru, Turawa biyu suka zo suka wuce, injin nan ko tari bai taɓa yi ba. Sannan aka kawo sabon Bature, yaro ne ɗanye, dogo, kunnuwansa jajaye. Ba a yi mako ba bariki ta raɗa masa Mai Littafi, domin ko shayi zai sha sai ka ce sai ya duba shafi. Hausarsa ma ta littafi ce, daidai take amma babu gishiri.

Ƙarshen bazara ne, ruwan farko ya sauka, ciyawa ta taso, rana kuwa tana nan da zafinta ba ta rage komai ba. Mai Littafi ya kira Ndatsu bakin sito, ya nuna masa wani galan mai ƙyalli da ya taho da shi tun daga ƙasarsu, ya auna masa cikin kwalba ɗaya.

"Daga yau wannan za ka zuba," in ji shi. "Lamba ashirin."

Ndatsu ya tsoma yatsa, ya murza. Bai ma buƙaci fartanya ba, man gyaɗa ya fi wannan jiki. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ne mai kyau. Sai dai ranar garin nan."

"Me ya sami rana?"

"Tana da ƙarfi, ranka ya daɗe."

Bature ya buɗe ɗan littafin da ya zo tare da injin, ya buga yatsa a kai. "Wanda ya ƙera injin shi ya rubuta wannan. Ya ce lamba ashirin. Ka fi shi sani ne?"

To, ina ruwan wanda ya ƙera injin da Kontagora? Mutumin da ya rubuta littafinsa yana sanye da rigar sanyi uku, ya taɓa tsayawa a filin bariki da azahar? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma Ndatsu ɗan mutunci ne, an tashe shi a gidan da ba a ce wa na gaba a'a ido da ido. A wajensa ya riga ya faɗi komai. Da Mai Lofe ne, da ya ji "sai dai rana" ya gane an ce masa kada ya yi. Wannan kuwa bai ji komai ba sai hirar yanayi. Ndatsu ya karɓi kwalbar da hannu biyu ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Da rana ya koma ɗakinsa a bayan gida cin abinci, ya ajiye kwalbar a gabansa ya zuba mata ido, tuwo yana hucewa. Matarsa Ramotu ta gaji da kallonsa ta tambaya, ya gaya mata.

"Zuba masa mana," in ji ta. "Injinka ne ko nasa?"

"In na zuba zai mutu. In ya mutu a hannuna za a ce ban san inji ba."

"To ka koma ka gaya masa."

"Na gaya masa."

Ramotu ta san irin faɗar mijinta, ta yi tsaki ta ja kwanon miya. Shi kuwa ya ga gaba kura baya siyaki. Ban da maganar takarda ma, gaskiya ita ce yana son injin nan. Ya san muryarsa da safe, ya san muryarsa in ya gaji. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ko da yake ba zai taɓa faɗa ba, hannun da yake shafa kan injin in ya gama aiki ba hannun ɗan ƙwadago ba ne.

Washegari ya tari Audi, wani direban babbar mota da ke bin hanyar Zungeru, ya kai masa ƙwan zabi cikin ƙwarya. Audi ya cika masa kwalba da mai kauri daga nasa, ya yi dariya ya ce duk sanda zabi suka yi ƙwai ya dawo. Ndatsu ya gwada a fartanya, ya ga yana jan jiki, ya zuba wa injin. Shi ke nan, inji ya ci gaba da waƙarsa.

Saura kwalbar Bature. Ramotu ta ce ya haƙa rami bayan shinge ya tuttular, kowa ya huta. Ndatsu ya dube ta kamar ta ce ya ci mushe.

"Kayan mutum? In zubar a ƙasa?"

"To me za ka yi da shi?"

"Ajiya ce. Ranar da zai koma ƙasarsu in ba shi abinsa. Can yana da amfani."

Kun ji fa. Da ɓarawo ne, da ya sayar da man a kasuwa ranar, babu wanda zai sani. Da marar tsoron Allah ne, da ya zubar. Amma shi ya toshe bakin kwalbar da totuwa, ya naɗe da tsumma, ya tura ƙarƙashin gado kusa da gwangwanin takardarsa, inda yake ajiye abin da yake girmamawa. Kowane wata Mai Littafi ya auna masa kwalba ɗaya, kowane wata Ndatsu ya ce to, ya kai ta ta sami 'yan'uwanta. Damina ta wuce, rani ya wuce ana shayar da filin da garwa, wata bazarar ta kewayo. Kwalba goma sha ɗaya suka jeru. Har akwai ranar da Bature ya yi baƙi, ya kira su bakin fili yana nuna musu yadda injin yake tafiya sumul, yana ɗaga littafinsa. Ndatsu yana tura inji, ya sunkuyar da kai.

Abin da ya tona asirin ba shi da alaƙa da inji ko kaɗan. Cokalin azurfa ne ya ɓata a teburin Bature. Mailafiya kuku ya rantse da abin da zai kashe shi bai gani ba, Mai Littafi ya ce a bincika ɗakin kowa, babu zaɓe. Ya sa aka kira James daga ofis don kada magana ta ɓace tsakani. Da hantsi suka shiga ɗakin Ndatsu, Ramotu tana tsaye a bakin ƙofa ta ja mayafi ta rufe baki. Mailafiya ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya daɗe bai ɗago ba. Ya so ya ce babu komai, amma Bature yana tsaye a kansa. Ya shiga fito da kwalabe ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a rana.

Cokalin kuwa bayan kwana biyu aka tsince shi a bayan kabad. Wa ya damu da cokali a lokacin?

Mai Littafi ya zare totuwa ɗaya, ya sansana. Kunnuwansa suka ƙara ja. "Wannan nawa ne."

"Naka ne, ranka ya daɗe. Duka goma sha ɗaya. Ko ɗigo bai fita ba."

"Me yake yi a ɗakinka?"

"Ajiya, ranka ya daɗe."

James ya fassara kalmar da Turanci, ya sake fassarawa ta wata hanya, yana gumi. Mutumin Rijau ne, ya san mene ne ajiya tun yana goye, amma ya rasa yadda zai sa ta shiga kunnen wannan yaro. Bature ya tambaya me ke cikin injin ke nan duk watannin nan. A nan Ndatsu ya buɗe baki, karo na farko a rayuwarsa ya yi wa na gaba doguwar magana. Hausarsa ta harɗe da Nufanci, yarensa na gado, don sauri. Ya faɗi Mai Lofe, ya faɗi Audi da ƙwan zabi, ya ruga ya ɗauko fartanya da ke rana, ya ɗiga man Bature a kai ya karkata. Man ya zube ƙasa kafin a ƙifta ido. "Ka gani, ranka ya daɗe? Haka zai yi a cikin cikinsa."

Bature ya dubi fartanya, ya dubi ma'aikatansa da suka taru suna kallo. Da su biyu ne kaɗai, wataƙila da ya saurara. Amma a gaban kuku da mai wanki da akawu, a ce gadina da fartanya ya ƙaryata littafi, kuma ya shekara yana yaudararsa yana ce masa to? Ya ce a juye man da ke cikin injin, a zuba nasa, a yanke filin gaba ɗaya yanzu, kowa ya gani.

"Ranka ya daɗe, a bari sai la'asar."

"Yanzu."

Ndatsu da hannunsa ya kwance ƙusar ƙasa, mai kaurin ya tsiyaye cikin tasa. Da hannunsa ya zuba ɗayan. Ya naɗa igiya ya ja, inji ya tashi da murna kamar kullum, bai san komai ba. Rana tana tsaka, ko tsuntsu ba ya motsi. Bature ya zauna a inuwar baranda da agogo a hannu. Ndatsu ya yi layi uku, ya tsaya don injin ya sha iska kamar yadda ya saba, Bature ya ɗaga hannu ya ce a ci gaba.

A layi na bakwai muryar ta sauya. Babu wanda ya ji sai shi, wani ɗan kaushi ne can ƙasa. A na tara ƙaurin ƙarfe ya bugi hancinsa, hayaƙi ya fara fita shuɗi. Ya waiga baranda, Bature ya nuna masa sauran filin da haɓa. Ya ci gaba da turawa, hawaye da gumi suna haɗuwa a gemunsa, yana cewa a hankali da Nufanci, yi haƙuri, yi haƙuri. A layi na goma sha uku injin ya yi ƙara sau biyu kamar an buga guduma a tukunya, ya cije, ya yi shiru. Ndatsu ya ja igiya, ta ƙi motsi. Bai sake ja ba.

Duk wanda ke wurin ya ga abin da ya faru, kuma kowa ya san wa ke da gaskiya. Mai Littafi ya sauko, ya zagaya injin, ya ce lalle man direbobi da aka shekara ana ɗura masa ne ya cinye cikinsa, yau abin ya fito. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Ina jin shi kansa bai yarda da maganar ba, kuma ni mai ba ku labarin nan, wannan ne ya sa har yau ban yafe masa ba. Sannan ya ce, "Kawo takardarka."

Ndatsu ya kawo ta cikin ƙyallenta. A ransa ya ɗauka Baturen zai karanta shaidar Mai Lofe ne ya huce. Bature ya karanta, ya juya bayanta, ya zaro alƙalami ya yi layi huɗu da shuɗin tawada, ya sa hannu. Ya ce su bar ɗakin kafin gobe da azahar.

A gindin mangwaron ofis James ya riƙe takardar, ya ce ranar ta yi masa yawa a ido, ya ce rubutun ba ya karantuwa. Ndatsu ya ce, "Karanta, ɗana. Ai an riga an rubuta."

"Baba, ya ce ya same ka da man gidansa kwalba goma sha ɗaya a ɓoye. Ya ce ka ƙi bin umarni, ka lalata inji. Ya ce ba ya ba kowa shawarar ya amince maka."

"Ya rubuta cewa kwalaben a cike suke?"

"Bai rubuta ba, Baba."

Ndatsu ya gyaɗa kai. Ya ce a sake karanta masa gaban takardar. James ya juya ta, ya karanta.

Suka koma cikin gari, wani ɗan'uwan Ramotu ya ba su ɗakin da yake ajiye dawa. Ndatsu ya kai takardar gida uku a bariki. Ko'ina haka ake yi: a karanta gaba a yi murmushi, a juya baya a miƙo masa. Bai iya noma ba, tun yana saurayi hannunsa a bariki yake. Ramotu ta shiga dakau a gidajen mutane, tafin hannunta ya farfashe. In ya bi ta bayan shingen tsohon gidan aikinsa sai ya ga fursunoni sun jeru suna sheme ciyawar da langalanga, injin kuwa yana kife bayan sito, kaji suna hawa.

Ana nan sai aka ji yadin gyaran motoci yana neman wanda zai kula da ƙaramin injin famfon ruwa, mai shan iska, irin wanda Ndatsu zai iya kwancewa ya ɗaura ido rufe. Ramotu ce ta kawo shawara. Ta samo ƙaro ta jiƙa, ta samo kwalin sukari, ta ce a manne bayan takardar a kai, kowa zai ɗauka don kada ta yage ne. Ndatsu ya ƙi kwana biyu. A rana ta uku ya ga tana ɗaure hannunta da tsumma kafin ta ɗauki taɓarya, ya ce ta kawo ƙaron. Shi ya shafa da kansa, ya danne da dutsen niƙa har ya bushe.

Babban makanikin yadin dattijo ne mai tabarau, ba shi da mugunta. Ya ɗora wa Ndatsu gwangwani biyu na mai a kan benci ya ce wanne zai ba injin famfo. Ndatsu ya murza wannan, ya murza wancan, ya ture ɗaya gefe ya ce wannan na ƙasar sanyi ne. Dattijon ya yi dariya ya ce yaransa uku sun kasa amsa wannan tambaya. Ya miƙa hannu a ba shi takarda, ya karanta yana gyaɗa kai. Har ya fara miƙo ta, sai ya dawo da ita kusa da tabarau.

Wurin tabon nan ne. Man da yatsan Ndatsu ya shekara da shekaru yana bari a kan kalma ɗaya ya sa takardar ta zama shara-shara a wurin, shuɗin tawadar baya ya leƙo ta ciki.

"Malam, akwai rubutu a baya."

Dattijon ya zaro 'yar wuƙa, ya ɓanɓare kwalin a hankali don kada ya yaga masa takarda, ya karanta layi huɗun nan.

"Da ka kawo min ita a buɗe ka ba ni labari, da na saurare ka," in ji shi. "Na san Turawa, na san mai. Amma mutumin da ya manne takarda, yaya zan ba shi mabuɗin sito?"

"Gaskiyarka ne," in ji Ndatsu.

Ya karɓi takardar, ya karɓi kwalin ma, don na Ramotu ne. Ya kai bakin ƙofar yadin sai ya ji an tayar da injin famfon a bayansa. Ya tsaya cak, ya karkata kunne. Akwai ɗan kaushin nan can ƙasa, wani ya riga ya zuba masa marar kauri. Ya juyo, ya buɗe baki. Dattijon ya riga ya ba shi baya yana magana da wani. Ndatsu ya rufe bakinsa, ya goge yatsansa a riga, ya kama hanyar gida.